Daga Alƙalami Zuwa Na'ura: Tarihin Nazarin Kiɗa da Sauti a Ƙasar Hausa da Matsayin Gaya da Ajingi a Cikinsa

Nazarin kiɗa da waƙa, a matsayin fannin ilimi da mutum zai shiga tun yana ɗalibi ya zauna a cikinsa har ya kai muƙamin farfesa, sabon abu ne a ƙasar Hausa idan aka gwada shi da daɗewar kiɗan kansa, domin bai kafu sosai a hannun 'yan ƙasa ba sai a shekarun 1970, alhali kuwa tamburan sarauta da gangunan noma sun shafe ƙarnoni suna aiki kafin nan. Fannin ya bi ta hannun marubutan tarihin fada, da malaman addini, da Turawan mulkin mallaka, da masana halayyar al'umma, kafin ya zo hannun malaman jami'a, kuma a kowane zango abubuwa biyu ne suka yanke abin da za a adana da abin da zai salwanta, wato kayan aikin da ke hannun manazarci da kuma wurin da ya zauna ya yi aikinsa. Ƙasar Gaya da maƙwabciyarta Ajingi, da ke gabashin Jihar Kano a bakin iyakar Jigawa, wuri ne da ya dace a auna wannan tarihi da shi, saboda ta haɗa tsohuwar sarauta da rayuwar karkara, kuma waɗannan su ne ɓangarori biyu da masu bincike ba su ba su kulawa daidai wa daida ba.

Sauti da mulki a tsohon tarihi

Daga cikin rubuce-rubucen da suka fi muhimmanci wajen sanin shigowar kayan kiɗa wannan yanki akwai littafin Tarihin Kano, wanda aka rubuta da Larabci, ya jero sarakuna tun daga Bagauda har zuwa Muhammadu Bello na ƙarshen ƙarni na 19, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, sannan R. M. East ya fitar da shi da Hausa cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu a farkon shekarun 1930. Marubucin bai nufi nazarin kiɗa ba, amma ya kula da lokacin da kayan busa da na kaɗawa suka shigo fada kamar yadda ya kula da gina ganuwa da cin yaƙi. Ya nuna cewa a zamanin Sarki Tsamiya (1307 zuwa 1343) aka fara busa dogayen ƙahoni a Kano, cewa a zamanin Dauda (1421 zuwa 1438) wani basarake mai suna Dagaci ya zo daga Barno da ganguna da kayan busa da tutoci, kuma cewa Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) ne ya shigo da kakaki, wato dogon ƙahon ƙarfe da ake busa wa manyan sarakuna. Abin da wannan jeri ke nunawa shi ne, tun a wancan zamani ana ɗaukar sauti a matsayin wani sashe na kayan mulki, wanda ake mallaka, ake gado, ake kuma hana wanda bai kai ba.

Gaya ta bayyana a cikin wannan tarihi a matsayin gari mai sarautar kansa. Labarin baka da ya shahara a Kano ya danganta asalin birnin da wani maƙeri da ya taso daga Gaya neman tama, wato dutsen da ake narkawa a fitar da ƙarfe, ya sauka a gindin Dala, kuma zuriyar da ake kira Abagayawa tana jingina kanta da wannan ƙaura. Tarihin Kano kuma ya ambaci zuwan Agalfati, ɗan Sarkin Macina, wanda ya zama Sarkin Gaya a zamanin Yakubu (1452 zuwa 1463), ya ambaci tawayen Sarkin Gaya Farin Dutse a zamanin Dadi (1670 zuwa 1703), sannan ya nuna yadda Gayawa suka sami ƙarfi a fadar Kano a zamanin Muhammadu Sharefa (1703 zuwa 1731), wanda mahaifiyarsa Mariyama 'yar Farin Dutse ce. A tsarin Hausawa sarauta mai irin wannan nauyi ba ta zama sai da makaɗa da masu busa da maroƙa nata, kuma kowane basarake yana da take, wato gajeren zancen da ganga ko algaita ke furtawa domin a san wanda ke tafe tun kafin a gan shi, tare da kirari, wato jerin kalmomin yabo da ake ƙwalawa da baki. Sana'ar ƙira da aka danganta da asalin Gaya ita ma tana da gangarta, dundufa, kamar yadda mahauta ke da kalangu, mafarauta ke da garaya, manoma ke da gangar noma. Kiraran sarakuna da yawa sun tsira saboda an rubuta su, amma amon da aka rera su da shi ya tafi da masu shi, domin alƙalami kalma yake iya kamawa.

Hukuncin malamai

Rubutun da ya zauna ya rarrabe kayan kiɗa ya kuma tattauna matsayinsu ya fito ne daga shugabannin jihadin da aka fara a 1804. A cikin Kitabul Farƙ, inda aka bambanta mulkin Musulunci da mulkin sarakunan da aka kawar, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya lissafa shagala da kaɗe-kaɗe cikin abubuwan da ya zargi waɗancan sarakuna da su, yayin da ya bar ƙofa ga gangar da ake kaɗawa don tara runduna da makamancin haka. Ƙaninsa Abdullahi, wanda ya rubuta Liya'ul Hukkam a lokacin zamansa a Kano, ya fi tsanantawa, shi kuwa Shehu a wasu littattafansa na baya, irin su Najmul Ikhwan, ya nuna cewa malamai sun yi saɓani a kan wasu daga cikin waɗannan mas'aloli, don haka bai kamata a gaggauta yin inkari ba. Ma'aunin da suka yi amfani da shi shi ne manufa da muhalli, wato me ake kaɗawa, don me, a gaban wa, da kuma abin da ke biyo baya.

Wannan muhawara ta bar gado mai tsawo. Rubutacciyar waƙa, wadda ake rerawa ba tare da kayan kiɗa ba kuma take ɗauke da wa'azi ko ilimi, ta sami daraja a wurin malamai, yayin da makaɗi, duk da buƙatarsa da ake yi a fada da gona da gidan biki, ya zauna a ƙasan jerin sana'o'i. Fadojin da aka kafa bayan jihadi ba su rabu da tambari da kakaki ba, domin mulki yana buƙatar a ji shi, amma an ci gaba da kallon kalma a matsayin abin da ya cancanci a karanta, amo kuwa abin da ake ji a wuce. Wannan fifiko ya bi fannin har cikin jami'a, kamar yadda za a gani a gaba.

Zamanin tattara kalmomi

Turawan da suka fara sha'awar waƙoƙin Hausa masu neman harshe ne da al'ada, kuma alƙalami da takarda ne kayan aikinsu. C. H. Robinson ya buga tarin rubutattun waƙoƙi a 1896, Bajamushe Rudolf Prietze ya tattara waƙoƙin baka da karin magana a farkon ƙarni na 20, shi kuma A. J. N. Tremearne ya fitar da littafinsa kan bori a 1914 bayan bincike a tsakanin Hausawan Tunis da Tarabulus. A 1932 P. G. Harris ya wallafa bayani kan ganguna da sauran kayan kiɗa da ya gani a Lardin Sakkwato, sannan a 1934 ƙamus ɗin G. P. Bargery ya fito ɗauke da sunayen kayan kiɗa da kirarai masu yawa. A daidai wannan zamani ne fannin ke kafuwa a Turai, inda aka buɗe taskar adana muryoyi a Balin a 1900, kuma a 1914 Hornbostel da Sachs suka fitar da tsarin da ya kasa kayan kiɗan duniya gida huɗu bisa abin da ke haifar da ƙara a jikinsu: masu fata kamar tambari da kotso, masu tsirkiya kamar goge da gurmi, na busa kamar algaita da farai, da waɗanda jikinsu ne ke yin ƙara kamar ƙwarya da kuge.

Juyi na gaske ya zo da M. G. Smith, masanin halayyar al'umma ɗan asalin Jamaika, wanda ya yi bincike a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950, ya kuma wallafa maƙala kan roƙo a mujallar Africa a 1957. Smith ya daina kallon waƙar yabo a matsayin jerin kalmomi masu daɗi, ya dube ta a matsayin wata hanya da al'umma ke tabbatar da matsayi, inda maroƙi ke shelanta asali da muƙami da kyautar mutum a bainar jama'a, kuma tsoron zambo ke tilasta wa mai hali ya yi abin da ake tsammani daga gare shi. Daga nan tambayar masu bincike ta faɗaɗa, ta haɗa da wanda ya biya, da wanda aka yaba, da abin da yabon ya canza a zaman jama'a.

Na'urar ɗaukar murya da manyan fadoji

Shekarun 1960 sun kawo na'urar tef mai aiki da batir wadda mutum ɗaya zai iya ratayawa, kuma da ita ne aka sami rukunin masana da suka ɗauki kiɗan Hausa a matsayin aikin rayuwarsu. David Ames, Ba'amurke, ya zauna a Zariya a 1963 da 1964 yana nazarin rayuwar makaɗa da tattalin arzikinsu, kuma an fitar da wasu daga cikin abin da ya ɗauka a faya-fayan garmaho ƙarƙashin tarin hukumar UNESCO. Anthony King na Jami'ar Landan ya yi aiki a Katsina a zamanin Sarki Usman Nagogo, inda ya nazarci ganguna da kakakin fada da kuma kiraran bori, sannan su biyun suka haɗu suka fitar da ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa da muhallinsa a 1971, wanda har yau manazarta ke komawa gare shi. Fremont Besmer ya yi nasa aikin a fadar Kano a zamanin Sarki Ado Bayero, ya rubuta kundin digirinsa na uku a Jami'ar Kolombiya a 1971, ya wallafa littafi kan kiɗan daren salla a 1974, ya kuma biyo da wani kan bori da makaɗansa a 1983. A ƙetaren iyaka kuwa Bajamushe Veit Erlmann ya yi bincike a Maraɗi kan kiɗan bori da girka, wato bikin shigar da sabon ɗan bori, sannan a 1986 ya fitar da littafi da ya tattara ya kuma nazarci abin da malaman jihadi suka rubuta game da kiɗa.

Na'urar ta ba da damar yin tambayoyin da ba su yiwuwa da alƙalami. Hausa harshe ne mai karin sauti, wato hawa da saukar murya a kan gaɓa na iya canza ma'anar kalma, kuma wannan ne ya sa kalangu ke iya magana, domin makaɗi na matse tsirkiyoyin da suka haɗa fatun biyu a ƙarƙashin hammatarsa ya ɗaga amo, ya sassauta ya saukar da shi, har ya kwaikwayi karin zancen da jama'a suka riga suka sani. Paul Richards ya auna dangantakar karin harshe da karin waƙa a wata maƙala ta 1972, shi kuma Russell Schuh na Jami'ar Kalifoniya ya shafe shekaru yana nuna yadda nauyin gaɓa, doguwa ko gajeruwa, ke daidaita da bugun kiɗa. Sai dai idan aka dubi inda waɗannan manyan ayyuka suka zauna, za a ga Zariya da Katsina da birnin Kano da Maraɗi, wato wuraren da ke da babbar fada, da makaɗa masu muƙami waɗanda ake iya samu a wuri guda, da masauki da hanyar mota. Garuruwan hakimai da ƙauyukan da ke ƙarƙashinsu sun fi shigowa cikin hoton ne a lokacin hawan salla, sa'ad da hakimai ke shiga birni da dawakansu da makaɗansu.

Fannin a hannun 'yan ƙasa

Kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, da Kwalejin Abdullahi Bayero da ke ƙarƙashinta a Kano, wadda ta zama cikakkiyar jami'a a 1977, shi ne ya buɗe wa Hausawa hanyar mayar da wannan nazari sana'ar ilimi. An kafa Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya a Kano a 1969, kuma mujallarta, Harsunan Nijeriya, ta zama dandalin da ake buga maƙalu kan waƙa. A 1975 Ɗandatti Abdulƙadir ya kammala digirinsa na uku a Jami'ar Indiyana da kundi kan matsayin mawaƙin baka a al'umma, inda ya ɗauki Mamman Shata a matsayin misali, kuma daga baya ya zama shugaban Jami'ar Bayero. A 1977 Ɗalhatu Muhammad ya kammala nasa a Landan kan fasahar Aƙilu Aliyu, ya kuma yi rubutu kan cuɗanyar waƙar baka da rubutacciya. A Zariya, Cibiyar Nazarin Al'adun Nijeriya ta karɓi baƙuncin shahararren mabushin Amurka Yusef Lateef daga 1981 zuwa 1985, wanda shi da Ziky Kofoworola suka fitar da littafi kan wasanni da kiɗan Hausa a 1987. Digirin girmamawa da Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Shata a 1988 alama ce ta cewa makaɗi ya sami shiga zauren da a da ba a zaton zai taka.

Wanda ya fi kowa tsara hanyar nazarin waƙar baka da harshen Hausa shi ne Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero, wanda ya rubuta kundin digirinsa na uku kan waƙoƙin makaɗan fada, ya fitar da Jagoran Nazarin Waƙar Baka da Makaɗa da Mawaƙan Hausa, sannan ya jagoranci tattara matanin waƙoƙi cikin juzu'an Diwanin Waƙoƙin Baka. A tsarinsa manazarci na farawa da salsala, wato asalin waƙa da dalilin yin ta, ya gano turke, wato babban saƙon da aka ɗaure waƙar a kansa, ya bi 'ya'yan waƙa da gindinta, wato baitocin da jagora ke zubawa da amshin da ake komawa gare shi, ya duba awon baka da rauji, wato yadda murya ke tafiya da kiɗa, ya kammala da salo da sarrafa harshe. Wannan tsari, tare da na Abdulƙadir Ɗangambo kan feɗe rubutacciyar waƙa, shi ne ɗalibai masu yawa a Kano da Sakkwato da Zariya da Katsina suka bi wajen rubuta kundayensu. Ayyuka irin su Shata Ikon Allah, wanda Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar a 2006, da littafin Aliyu Muhammad Bunza kan Narambaɗa na 2009, da binciken Beverly Mack kan mawaƙa mata a Kano wanda ya fito a 2004, duk sun ƙara faɗin fannin.

Muhimmin abin lura shi ne gidan da fannin ya sauka. A Jami'ar Nsukka an buɗe sashen koyar da kiɗa tun farkon shekarun 1960, a Gana kuma J. H. Kwabena Nketia ya gina nazarin kiɗan Afirka a Legon bisa rubuta amo da auna shi, amma a Arewa nazarin ya girma ne a sassan koyar da harsuna da adabi. Mai son hawa tsanin wannan sana'a yakan fara da kundin digirin farko kan wani makaɗi na yankinsu, ya faɗaɗa shi a digiri na biyu da na uku, ya riƙa buga maƙalu yana tashi daga mataimakin malami zuwa babban malami har zuwa farfesa, kuma a duk tsawon wannan hanya abin da ake jarraba shi a kai shi ne matani, wato kalmomin waƙa bayan an juye su daga kaset zuwa takarda. Amfanin haka a bayyane yake, domin an ceto waƙoƙi masu tarin yawa, an kuma gina kalmomin nazari da Hausa tsantsa. Hasararsa ita ce yadda ake ɗaure fata, da yadda ake kunna amon ganga, da bambancin hannun wani makaɗi da na wani, ba su sami irin wannan zurfin bincike ba, kuma kiɗan da ba shi da doguwar waƙa, kamar taken noma da luguden mata, ya zama da wuyar shiga kundi.

Zuwan nazarin sauti

A ƙarshen ƙarni na 20 wani sabon reshe ya tsiro a duniya wanda ake kira nazarin sauti, wato binciken duk abin da kunne ke ji a cikin al'umma, ko waƙa ne ko ba waƙa ba, da yadda mutane ke saurare, da na'urorin da ke ɗaukar amo su kai shi wani wuri. Ɗan Kanada R. Murray Schafer ya yaɗa ra'ayin cewa kowane gari yana da yanayin sautinsa da za a iya nazarta, a littafinsa na 1977, Steven Feld ya nuna a 1982 yadda wata al'umma ta Papuwa Niyu Gini ke fahimtar duniyarta ta hanyar kukan tsuntsaye da rera kuka, Jonathan Sterne kuma ya rubuta tarihin na'urorin ɗaukar murya a 2003. Ƙasar Hausa tana da hannu a kafuwar wannan reshe ta hanyar rayuwar Veit Erlmann, wanda bayan Maraɗi ya koma nazarin waƙoƙin ma'aikata a Afirka ta Kudu, ya zama farfesa a Jami'ar Tekzas da ke Ostin, ya shirya littafi kan al'adun saurare a 2004, ya rubuta tarihin ji a tunanin Turawa a 2010, sannan ya kasance cikin editocin da suka kafa mujallar fannin a 2015. Tambayar da ya fuskanta a Maraɗi, wato yadda amon goge da garaya ke aiki a jikin mai saurare, tana kusa da tambayar da sabon reshen ya ginu a kanta.

A Kano kanta, Brian Larkin ya fitar da littafi a 2008 kan tarihin rediyo da silima da kaset a birnin, inda ya bi sawun akwatunan rediyo na waya da aka kafa a 1944, ya kuma yi rubutu kan kiɗan bandiri da kan lasifika. Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya nazarci yadda karin waƙoƙin finafinan Indiya da fiyanon zamani suka shiga waƙar Hausa bayan tasowar finafinan bidiyo a 1990, da yadda matasa suka mayar da ɗakin ɗaukar sauti madadin ƙungiyar makaɗa da 'yan amshi. Da waɗannan ayyuka fannin ya yarda cewa gidan rediyon Kaduna da aka buɗe a 1962, da kaset, da wayar hannu, su ma suna cikin tarihin kiɗan Hausa, tun da su ne suka yanke wanda za a ji a ƙauye da wanda za a manta.

Abin da ke gaban manazarci a Gaya da Ajingi

Idan aka ɗora wannan tarihi a kan ƙasar Gaya da Ajingi, za a ga fagage uku da sababbin hanyoyin bincike suka dace da su. Na farko shi ne sautin sarauta, domin a 2019 gwamnatin Jihar Kano ta ɗaga Gaya zuwa masarauta mai daraja ta ɗaya, a watan Mayu na 2024 aka soke dokar, sannan a watan Yuli na shekarar aka sake kafa ta a matsayin masarauta mai daraja ta biyu wadda ta ƙunshi ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi da Albasu. Kowane sauyin daraja irin wannan yana tayar da tambayar kayan busa da na kaɗawa da suka dace da muƙamin, da taken da za a yi wa sababbin masu sarauta, da makaɗan da za su riƙe gidajen, wato tambayoyin da King da Besmer suka yi a manyan fadoji, amma a nan ana iya ganinsu suna faruwa cikin 'yan shekaru. Shigar hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya na UNESCO a watan Disamba na 2024 ya ƙara nauyin buƙatar sanin gudummawar makaɗan garuruwan da ke wajen birni.

Na biyu shi ne sautin aiki, wanda ya fi saurin gushewa a duk karkarar ƙasar Hausa, saboda injin niƙa ya ɗauke wa mata dutsen da suke rera waƙa a kansa, noman ƙodago da garmar shanu sun rage gayya, wato taron noma na taimakon juna da ganga ke zaburarwa, kuma lasifika da na'urar kunna waƙa sun karɓe wurin mai kalangu a bukukuwa da yawa. A garuruwa irin su Kademi da Gamarya da Shagogo a ɓangaren Gaya, ko Toranke da Balare da Gafasa a ɓangaren Ajingi, dattawan da suka yi ƙuruciya kafin waɗannan sauye-sauye su ne ma'ajiyar wannan ilimi, kuma ɗaukarsa na buƙatar mai bincike ya naɗi amon a muhallinsa, ya rubuta sunan mai shi da iyayen gidansa a sana'a, ya kuma nemi yardarsa kan yadda za a yi amfani da abin da aka ɗauka. Na uku shi ne sautin yau, wanda ya haɗa kiran salla da tafsiri ta lasifika, da karatun almajirai a tsangaya, da bandirin 'yan ɗariƙa, da shelar masu talla ranar kasuwa, da waƙoƙin siyasa da ake turawa daga waya zuwa waya.

Biyan wannan buƙata yana neman manazarci mai horo biyu, wanda ya ƙware a feɗe matani bisa tsarin da Gusau da tsararsa suka gina, ya kuma iya auna amo da rubuta shi da adana shi ta hanyar da ba za ta lalace ba, tun da tef ɗin kaset yana mutuwa da zafi da ƙura, katin waya kuma yana ɓacewa da mai shi. Yankin yana tsakanin jami'ar da ke Wudil da Jami'ar Tarayya ta Dutse, kuma bai yi nisa da Jami'ar Bayero ba, ga shi wayar da ke aljihun ɗalibi a yau tana ɗaukar murya da sauƙin da Ames da King ba su samu ba, saboda haka nisa da kayan aiki, waɗanda suka taƙaita masu binciken farko, sun daina zama uzuri. Abin da ya rage ya rataya ne a wuyan sassan jami'a, wato su amince da sautin da aka naɗa aka kuma yi masa cikakken bayani a matsayin aikin ilimi da ake ba da digiri da ƙarin girma a kansa, su kuma kafa taskar da za a ajiye shi inda zuriyar makaɗan za su iya zuwa su saurara.